Sikwash zai kai ni jami'a, ko in ajiye raket?

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 16. A nan Bronx aka haife ni, iyayena mutanen Damagaram ne. Ina aji 11, saura shekara guda da 'yan watanni in gama sakandare. Tun ina 'yar shekara 11 nake buga sikwash, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da raket a jikin bango cikin rufaffen ɗaki, a wata ƙungiya da ke koya wa yaran unguwa wasan kyauta bayan an tashi makaranta, tana kuma taimaka mana da karatu. A jadawalin 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 na ƙasar nan ina wajen ta 80. Makina ba laifi, sai dai kemistiri ya ba ni kashi a zangon da ya wuce. Baba tasi yake tuƙawa, mu biyar ne a gabansa, ga na gida da yake aika wa. Ya ce in wasan nan ba zai kawo sikolashif ba in ajiye shi, in shiga kwalejin da ke kusa in riƙa kwana a gida, kuma shi ba zai ci bashi mai ruwa ba. Yanzu wani mutum da muka haɗu da shi a wajen gasa ya ce in an ba shi dala 6,000 zai samo mini cikakken sikolashif a Harvard ko Yale, wai ya san kociyoyin. Baba har ya fara maganar ɗaukar adashi. Anti, a biya shi? In ba a biya ba, ta ina zan fara?

Ɗiyarki daga Bronx

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, ki roƙi Baba ya bar kuɗin adashinsa inda suke. Abin da mutumin nan yake tallatawa babu shi. Harvard da Yale suna cikin jami'o'i takwas da ake kira Ivy League, kuma tun 1954 suka ƙulla yarjejeniya cewa ba za su ba ɗalibi kuɗi don wasa ba, kowane irin wasa ne. Ali Farag, ɗan Masar ɗin nan da ya zama zakaran duniya har sau huɗu, a Harvard ya gama a 2014, kuma shi ma dokar ta hau kansa. Wanda ya ce zai samo miki sikolashif ɗin sikwash a can, ko dai bai san harkar ba, ko kuwa ya sani yana fata ku ne ba ku sani ba. Akwai masu ba da shawara na gaskiya da ake biya su taya ɗalibi zaɓen makarantu da gyaran takardu, amma mai gaskiya ba ya ɗaukar alkawarin gurbi. Batun “na san kociyoyi” ma ya kamata ya tayar miki da hankali. A 2019 irin wannan sanayyar ce ta kai wasu iyaye masu hannu da shuni gidan yari, kocin ƙwallon ƙafa na mata na Yale ya amsa laifin karɓar cin hanci a kotu, wasu yaran kuma suka rasa gurabensu.

Ba Ivy League kaɗai ba ce. Yawancin makarantun da ke da ƙungiyar sikwash ta sosai ƙananan kwalejoji ne na arewa maso gabashin Amurka, irin su Trinity da Williams da Amherst da Bowdoin da Bates da Colby da Middlebury da Hamilton. Waɗannan suna rukuni na uku na wasannin jami'o'i, kuma a rukunin nan an haramta ba da kuɗi don wasa. Sikwash ma ba ya ƙarƙashin hukumar NCAA mai kula da kwando da guje-guje, ƙungiyarsa daban ce, College Squash Association. Masu ba da kuɗin wasa a sikwash 'yan kaɗan ne, Drexel da ke Philadelphia na cikinsu, kuma abin da suke da shi 'yan wasan da suka yi suna a duniya suke zawarci da shi. Ga shi ƙungiyar kanta ba ta da tabbas. A 2020 Brown ta sauke sikwash daga jerin manyan wasanninta, George Washington ma ta yi haka, Stanford ta sanar za ta soke ta mata sannan ta janye a 2021 bayan an yi mata ca.

Za ki ce to shekara biyar ɗin da kika yi kina zufa a ɗakin wasa ta tashi a banza ke nan. Ba ta tashi ba. Aikin da sikwash yake yi a wajen samun gurbi ne, kuɗin kuma ta wata ƙofa yake fitowa, kuma ƙofar a buɗe take ga iyali irin naku.

Ki fara gane yadda gurbin yake. A Harvard, cikin masu nema ɗari ba a ɗaukar biyar. Amma kowace shekara ofishin ɗaukar ɗalibai yana ba koci damar ya miƙa sunayen 'yan wasa kaɗan da yake so, kuma wanda koci ya tsaya masa sosai, in makinsa ya kai, da wuya a ƙi shi. Koci a nan kamar mai nema wa mutum aure ne: zai kai magana, zai yi yabo, ana jin maganarsa, amma waliyyi shi ne ofishin ɗaukar ɗalibai. Duk alkawarin da koci ya yi miki da baki, ko a waya ko a imel, bai zama gurbi ba sai takarda ta fito daga wancan ofishin.

Sunaye nawa koci yake miƙawa? Yi lissafi da kanki. A wasan jami'a mutum tara ke bugawa daga kowane ɓangare, an jera su daga lamba ta ɗaya zuwa ta tara bisa ƙarfinsu, ɓangaren da ya ci biyar ya yi nasara. Ƙungiya takan riƙe mutum goma sha biyu zuwa goma sha biyar, a raba su aji huɗu, kin ga uku ko huɗu ke nan a shekara. Kuma ba da 'yan jadawalinku kawai kike takara ba. Tun lokacin da koci Paul Assaiante ya riƙa kwaso matasa daga ƙasashen waje ya gina ƙungiyar maza ta Trinity, wadda ta ci wasa 252 a jere daga 1998 har zuwa 2012 da Yale ta tsayar da ita, kowane babban koci ya koyi duba waje. Yau manyan ƙungiyoyin cike suke da 'yan Masar da Indiya da Ingila da Malesiya. Sivasangari Subramaniam ta Malesiya, wadda ake ji da ita a gasar ƙwararru, Cornell ta buga wa.

Don haka ba zan rufe ki ba: ta 80 a 'yan ƙasa da 17 ba matsayin da kocin Harvard ko Princeton ko Trinity zai ɓatar da ɗaya daga cikin sunayensa uku a kai ba ne. Waɗannan masu neman kofin Howe ne, wato kofin zakarun ƙungiyoyin mata na jami'o'in ƙasar. Amma ƙungiyoyin mata ba su tsaya a goman farko ba. Akwai na tsakiya da na ƙasa, a makarantun da karatunsu bai gaza na kowa ba, kuma kocinsu yana bukatar yarinya mai ƙwazo da za ta tsaya masa a lamba ta shida ko ta takwas shekara huɗu ba ta gudu ba. Nasarar lamba ta tara daidai take da ta lamba ta ɗaya a lissafi. Nan ne kasuwarki take. Ni a ganina yara da yawa suna cutar kansu da kafewa a kan suna biyu ko uku da aka sani a gida, alhali kwalejin da danginku ba su taɓa jin sunanta ba tana iya ba ki malamai da kulawar da ba za ki samu a babbar jami'a ba.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce damuwar Baba, kuma yana da gaskiya ya damu. Kuɗin shekara guda a irin makarantun nan, da karatu da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. Sai dai wannan farashin masu hali ne. Masu arzikin cikinsu suna duba abin da iyali ke samu, su yanke abin da za su iya biya, su cike sauran da kyauta. Harvard ta sanar a 2025 cewa iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba ba za su biya komai ba. Princeton ta daina sa bashi cikin tallafinta tun 2001, kuma Amherst da Bowdoin da Colby da Williams duk sun bi wannan hanya. Kin ga ke nan sharaɗin Baba na ƙin bashi mai ruwa ba ya hana ki tafiya, sai dai ya taimaka miki wajen tace makarantu. Wasu kwalejojin suna sa ɗan bashi a cikin abin da suke bayarwa. Ana iya ƙin karɓarsa, amma sai an san inda za a samo cikon, don haka ki tambaya tun da wuri. Wani alheri kuma: tunda ba don wasa aka ba ki kuɗin ba, ko gwiwa ta samu matsala ko kin gaji kin ajiye raket a aji biyu, tallafinki yana nan.

Tunda a nan aka haife ki, kina da haƙƙin cike fom ɗin FAFSA, wanda ta shi ake samun tallafin Pell na gwamnatin tarayya, da ya kai dala 7,395 a shekara ga masu ƙaramin ƙarfi. Jihar New York tana da nata, TAP, ga wanda ya yi karatu a cikin jihar. Akwai kuma shirin HEOP, na 'yan jihar marasa ƙarfi da ke shiga kwalejoji masu zaman kansu, kuma Hamilton da St. Lawrence da Hobart and William Smith suna cikinsa, dukkansu kuma suna da sikwash. Shi wannan yana da nasa sharuɗɗan na samu da na maki, mai ba da shawara na makarantarku zai duba miki ko kin shiga.

A nan ne nake so ki zauna da Baba da kyau, don abin da zai yi miki ya fi dala 6,000 amfani. Takardun harajinsa su ne sikolashif ɗinki. Fom ɗin FAFSA yana amfani da harajin shekara biyu kafin shekarar da za ki shiga jami'a, wato shekarar da ta fara kina aji 10 ta ƙare kina aji 11. Direban tasi mai zaman kansa lissafinsa yakan rikice, ga kuɗin mai, ga gyara, ga hayar mota. Makarantun da ke amfani da fom na biyu, CSS Profile, suna tono sosai, har sukan mayar da wasu abubuwan da aka cire su lissafa su cikin samu. A tabbata an shigar da harajin a kan lokaci, an faɗi gaskiya, an ajiye kwafi. Kuɗin da yake aika wa gida ba ya fitowa a takardar haraji, amma fom ɗin yana da wurin bayanin halin da iyali ke ciki. A rubuta shi a can, a kuma ajiye rasit na aikawa. Ba kowace makaranta ce za ta saka shi a lissafi ba, amma wadda ba a gaya wa ba ba za ta sani ba.

Sai kemistiri. Na fi damuwa da shi a kan jadawalin. A lokacin hutun bazara bayan aji 11, daga farkon Yuli, kociyoyi sukan kai takardar sakamakon yaran da suke so ofishin ɗaukar ɗalibai a yi mata karatun share fage, a ce musu wannan za ta wuce, wannan sai ta gyara, wannan a haƙura. Makin da za a karanta shi ne wanda kike tarawa yanzu. Ki tashi daga ta 80 zuwa ta 65 ba zai canza jerin makarantunki sosai ba, amma maki mai rauni a babban darasi yana iya sa a ce wa koci ya nemi wata. Ki je wurin malamin kemistiri a satin nan, ki nemi ƙarin darasi a ƙungiyarku, in ta kama a bar gasa ɗaya a zauna a yi karatu, a bar ta. Ki kuma rubuta SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, kafin a tashi hutu, don a samu damar maimaitawa. Dartmouth da Yale da Brown da Harvard sun dawo da sharaɗin jarrabawa a 2024. Bowdoin kuwa tun 1969 ba ta tilasta shi, Bates ma haka tun 1984, amma koci yakan so ya gani ko da makarantar ba ta tilasta ba. Akwai yafiyar kuɗin jarrabawar da na Common App, fom ɗin neman gurbi da makarantu da yawa ke karɓa, ga masu ƙaramin ƙarfi, ki nema a ofishin makarantarku.

Wasiƙa ga kociyoyi ke za ki rubuta da hannunki, ba Baba ba, ba wani ɗan tsakani ba. Ki zaɓi makarantu kamar goma sha biyu, biyu ko uku na buri, sauran waɗanda kika duba 'yan wasansu na lamba shida zuwa tara a Club Locker, shafin intanet da ke nuna sakamako da matsayin 'yan sikwash, kika ga ƙarfinku ya zo ɗaya. Imel ɗin gajere: sunanki, ajinki, makinki, matsayinki, gasar da za ki buga nan gaba, da dalili ɗaya na gaske da ya sa kike son makarantar. Ki haɗa da bidiyon wasa cikakke wanda ba a yanka ba. Kada ki ji kunyar tura wanda aka cinye ki a zagaye na biyar. Koci yana son ganin yadda kike yi in kin gaji, in alƙali ya yanke hukuncin da bai yi miki daɗi ba. Wasu za su amsa, wasu su yi shiru. Ki sake tuntuɓa bayan kowace gasa da kowane sakamakon zango.

Kuma kina zaune a kan abin da 'ya'yan masu kuɗi suke biya a yi musu. Ƙungiyoyi irin taku, tun daga SquashBusters da aka kafa a Boston a 1996, da StreetSquash ta Harlem, da CitySquash ta nan Bronx, an kafa su ne don kai yara jami'a, wasan hanya ce kawai. Suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, kuma kociyoyin kwalejoji sun san su, suna ɗaukar wayarsu. Abin da ya ba ni mamaki a wasiƙarki shi ne ba ki ce kin kai musu maganar mutumin nan ba. Ki kai gobe. Ya kamata su san yana yawo a wajen gasa yana tare iyaye.

In magana ta yi nisa da wani koci, ki yi masa tambaya ba kwana-kwana. Zai tsaya miki cikakkiyar tsayawa a ofishin ɗaukar ɗalibai, ko wasiƙar yabo kawai zai rubuta? Ke ce ta nawa a jerinsa? Cikin waɗanda ya tsaya wa a baya akwai wanda aka ƙi? Yawanci zai nemi ki shiga zagayen farko na neman gurbi, na watan Nuwamba, wanda a galibin makarantun nan in an ɗauke ki dole ki je. Kada ki sa hannu sai ofishin tallafi ya ba ki ƙiyasin abin da za ku biya, Baba ya gani ya yarda. Ana sakin ɗalibi daga wannan alkawarin in tallafin bai isa ba, amma lokacin an riga an rasa wasu damar. Ki kuma duba QuestBridge, shirin da ke haɗa yara masu ƙoƙari marasa ƙarfi da manyan makarantu a biya musu shekara huɗu. Ana rufe shi a ƙarshen Satumba, kuma ba ya tambayar ko kin taɓa riƙe raket. Yana da dokokinsa game da zagayen farko, don haka ki sanar da koci in za ki bi ta nan.

Akwai rabin maganar Baba da ba ta kuɗi ba ce, ko da bai faɗa da yawa ba. Yana so ki kwana a gida. Uba ne da zai tura 'yarsa wani ƙauye mai dusar ƙanƙara inda bai san kowa ba, kada ki ɗauki tsoronsa a matsayin rashin wayewa. Amsarsa ita ce ya gani da idonsa. Ki tafi da shi ziyara ko da makaranta ɗaya ce. Ku tambayi inda ake sallar Juma'a, ko akwai limamin ɗalibai, ko ɗakin cin abinci yana da halal, ko akwai ɓangaren kwana na mata zalla. Wuraren sun bambanta ƙwarai. Bates tana Lewiston a jihar Maine, garin da Somaliyawa suka cika tun farkon shekarun 2000, akwai masallatai da shagunan halal. St. Lawrence kuwa tana can Canton kusa da iyakar Kanada, tafiyar yini ce daga Bronx. Ki tambayi koci batun sutura tun yanzu, in kina wasa da ɗankwali da dogon wando. Ki tambaye shi batun azumi ma, don kakar wasa tana farawa a Nuwamba ta ƙare wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, kuma a shekarun da za ki yi a jami'a Ramadan tsakiyarta zai riƙa faɗowa. Kocin da ya horar da 'yan Masar ba sabon abu ba ne a wurinsa. Yadda ya amsa zai nuna miki irin mutumin da za ki yi shekara huɗu a hannunsa.

In kuma bayan duk wannan Baba ya ce nisa ba zai yiwu ba, ba a rasa hanya ba. Barnard kwalejin mata ce a Manhattan, jirgin ƙasa ne tsakaninku, kuma ɗalibanta suna buga wa Columbia wasa, sai dai ƙungiyar tana da ƙarfi, shigarta kuma da wuya. CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin New York, tana da kwalejin haziƙai ta Macaulay, inda 'yan jihar da suka cancanta ba sa biyan kuɗin karatu, ga Hunter da City College da Lehman. Ki cike nasu ko da wani koci ya yi miki alkawari. Sikwash ba sai da rigar makaranta ake buga shi ba, kuma ƙungiyar da ta raine ki za ta so ki dawo ki koya wa ƙanana.

Dokar tarayya ta wajabta wa kowace kwaleji ta sa shafin lissafin abin da iyali za su biya a gidanta na intanet. Ranar da Baba ba ya fita aiki, ki ɗauko takardar harajinsa ta bara, ku zauna tare ku cike na Bowdoin da na Hamilton da na Lehman, minti ashirin kowanne ya isa. Ki bar shi ya karanta lambobin da kansa, ke ki yi shiru. Sannan ki gaishe mini da Mama, ki ce mata ita ma ina son jin ra'ayinta, don ba ki ambace ta ba ko sau ɗaya.

Anti